Yayi Na Gudu, Taro Na Gyangyaɗi

Hausawa na cewa zamani riga ne. Da wuya a yi taron ƙara wa juna ilimi a kan al'adun Hausawa har a watse ba a ji wani masani ya jawo wannan karin magana ba, ko a farkon takardarsa ko a ƙarshenta. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne, da zarar an faɗe ta sai a kama zamanin a yi ta yi masa kuka, ita kuwa rigar a bar ta rataye a ƙusa, babu mai ɗaga ta ya duba yadinta, balle ya tambayi wanda ya ɗinka ta, ko inda mai ita ya ga samfurinta har ya ce wa tela irinta yake so. Manufar wannan rubutu ita ce mu fito da abin da aka daɗe ana gunaguninsa a bayan zaure: tarurrukan masana Hausa ba su yi wa suturar yau adalci ba, kuma rashin adalcin ya fi tsanani a kan kafafen da ke yayata ta, wato mujallu da finafinai da talabijin da wayoyin hannu, da mutanen da ke magana da rubutu a kanta dare da rana. Daga Kontagora muke wannan magana, kuma nan gaba mai karatu zai ga abin da ya sa wurin da muke tsaye yake da muhimmanci a cikinta.

Tun a shekarar 1978 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta shirya taron ƙasa da ƙasa na farko a kan harshe da adabi da al'adun Hausawa. Daga wannan lokaci zuwa yau, fiye da shekara arba'in ke nan, an yi tarurruka irinsa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Kaduna, an buga kundaye masu kauri, kuma babu mai musun cewa sun yi wa nazarin Hausa hidima babba. To, amma mai karatu ya ɗauko kundayen nan ya nemi abin da aka ce game da sutura. A ganinmu, yawancin abin da zai tarar bai wuce iri biyu ba.

Iri na farko muna kiran sa takardar lissafi. Mai ita yakan kawo ma'anar sutura daga ƙamus, ya raba ta gida biyu, ta maza da ta mata, sa'an nan ya shiga jerawa: babbar riga, aska takwas, aska biyu, 'yar shara, kaftani, wando buje, haɓar kada, dara, rawani, zane, kallabi, gyale, fatala. Daga nan sai kammalawa. Wannan jeri yana nan a littattafan makaranta irin su Zaman Hausawa tun farkon shekarun 1980, kuma a can ya dace, domin yara ake koya wa. Amma a ɗauko shi a kawo gaban furofesoshi da sunan bincike, wannan kam tuwon jiya ne aka ɗumama aka kira shi walima.

Iri na biyu ita ce takardar makoki. Ita kuma takan fara da yabon kaka da kakanni, ta ce da can Bahaushiya ba ta san matsattsen ɗinki ba, sai ga Turawa da finafinan Indiya da wayar hannu sun zo sun lalata kome. Ta rufe da kira ga iyaye da malamai da hukuma su tashi tsaye. A shekarar 2013 an yi wani babban taro a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina a kan taɓarɓarewar al'adun Hausawa, aka tara takardunsa aka buga. Ba mu ce babu alheri a cikinsa ba. Abin da muke cewa shi ne, take irin wannan ya riga ya yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu, kuma ƙaramin malami da ke neman a karɓi takardarsa ya san amsar da ake jira daga gare shi. Alƙali idan ya rubuta hukunci a gida, zaman kotu ya zama wasan kwaikwayo.

Tsakanin lissafi da makoki, rigar da ke jikin mutane a yau ta faɗi ƙasa ba mai tsinta.

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da sana'ar malamin harshe da adabi, wato kalma. A kasuwar tufafi ake ƙera sababbin kalmomin Hausa fiye da yadda kowane kwamitin fassara ke ƙerawa. Shaddar da kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ta shigo bakin Bahaushe ta zama gizna. Atamfar da kamfanin Vlisco ke bugawa a ƙasar Holan, kamfanin da aka kafa tun 1846, ta ɗauki sunan ƙasar, ana ce mata holan, kuma mai daraja daga cikinta ana ce mata sufa. Akwai ɗan Aba, akwai ɗan kanti, akwai gwanjo, kowace kalma ɗauke da hukuncin da jama'a suka yanke a kan daraja da talauci. Kalmar wanka, wadda ƙamus ya sani da ruwa da sabulu, yanzu a bakin samari da 'yan mata tana nufin caɓa ado. A ce wane ya ɗau wanka alhali ba a ga digon ruwa a jikinsa ba. Ɗaurin ɗankwali kuwa tarihi ne da ake ɗaurawa a ka: akwai ture-ka-ga-tsiya, akwai ɗaurin Maryam Babangida da ya samo suna daga matar shugaban ƙasa na shekarun 1985 zuwa 1993, akwai ɗaurin Zahra Buhari na baya-bayan nan. Hular da ake kira zanna bukar ana danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, minista a Jamhuriya ta Farko. Wa ke raɗa waɗannan sunaye? Ta wace hanya suke yaɗuwa daga Kantin Kwari zuwa Rijau? Shekara nawa suna yake yi kafin ya mutu? Waɗannan tambayoyi ne na ilimin ma'ana da na walwalar harshe, kuma kowace ɗaya ta isa zama guda a taro.

Ba mu ne muka fara ganin haka ba. A shekarar 1967 wani masanin adabi Bafaranshe, Roland Barthes, ya fitar da littafi sukutum a kan yayin sutura, kuma bai auna yadi ko ɗaya ba. Abin da ya nazarta shi ne jimlolin da mujallun mata na Faransa ke rubutawa a ƙarƙashin hotunan tufafi, domin ya lura cewa magana ce ke mayar da ƙyalle ya zama yayi. Tun 1997 kuma ake buga mujallar ilimi mai suna Fashion Theory, wadda ba ta da wani aiki sai wannan fanni. Masananmu na son ambaton ra'o'in Turawa a gabatarwar takardunsu. Ga ra'in da ya dace da kasuwarmu kamar an gwada, amma shi ba a ɗauko shi ba.

Sai kuma batun da takardar makoki ta ginu a kansa, wato zaton cewa akwai wata tsarkakakkiyar suturar Bahaushe da ba ta taɓa cuɗanya da ta kowa ba sai a zamanin nan. Tarihi bai yarda da wannan ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, kuma a wannan kasuwa ya ga rigunan Nufe ana sayen su da daraja, ya ga kayan Turai da suka ƙetaro Sahara. Binciken Colleen Kriger a kan rigunan Daular Usmaniyya ya nuna irin hannun da masaƙa da masu surfani Nufawa da Yarbawa suke da shi a cikin babbar rigar da ake tinƙaho da ita a matsayin ta Bahaushe zalla. Hular da ta fi kowace farin jini a yau daga Barno ta zo. Dilka da humra da turaren wutar da amare ke ji da su ta hanyar Barno da Sudan suka shigo. Hijabin da yara ke zaton da shi aka haifi kakanninsu bai game arewacin Nijeriya ba sai daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, lokacin da makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita; kafin nan gyale da mayafi aka sani. Ashe ke nan aro da sarrafawa su ne al'adar, ba su ne cutar da ta kama ta ba. Wanda bai san wannan ba zai yi ta dukan taiki ya bar jaki.

A nan ne Kontagora ta zama hujja. Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa wajen 1864, yana zaune ne a inda Hausa ta haɗu da maƙwabtanta: Nufawa daga kudu, Kambari da Dukawa da Kamuku a kewaye, Dakarkari ta wajen Zuru, mutanen Yawuri ta yamma. Babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Ilori da Jabba ta nufi Yawuri da Sakkwato ta nan ta ratsa. Ga barikin soja da ke tara iyalai daga kowane sashe na ƙasa, ga ɗalibai masu neman ilimin koyarwa daga jihohi daban-daban. A shagon tela guda a garin nan ana iya ganin shadda daga Kantin Kwari, da leshin da aka sayo a Ikko, da ashoke na Yarbawa da za a yi wa amarya gwaggwaro, da hoton wata riga da aka ɗauka a wani biki a Abuja, mai kayan ta miƙo shi a waya ta ce haka take so, sai dai a ƙara tsawon hannu saboda surukai. Wannan ƙarin tsawon hannu shi ne al'ada tana aiki a gaban ido: an karɓi baƙo, an yi masa kaciya, an ba shi ɗaki. Masanin da ke son ya ga yadda Bahaushe ke ciniki da zamani, ga ɗakin gwajinsa nan a buɗe. Amma tarurruka sun saba ɗaukar Kano da Katsina da Sakkwato a matsayin Hausa, garuruwa irin su Kontagora kuwa gefen zane ne, ba a tuna su sai an zo zancen karin harshe.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. 'Yan jarida sun sha zuwa ƙauyukan Kambari na yankin Rijau, cikin masarautar Kontagora, su ɗauki hotunan mutane su buga da kanun labarai na ban mamaki a kan ƙarancin suturarsu, kamar sun gano wata halitta. Wannan ma kafar yaɗa labarin sutura ce, kuma mai cutarwa. Ina taron da ya zauna ya tambayi yadda su mutanen suke kallon adonsu, da yadda suke ji da hotunan da ake yawo da su? Idan masana sun yi shiru, mai kyamara ne zai rubuta tarihin maƙwabtanmu.

Mu dawo kan kafafen da kansu. A ƙarshen shekarun 1990 mujallun fim suka ɓullo a arewa, irin su Tauraruwa da kuma Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a watan Maris na 1999. Ba don sutura aka kafa su ba, amma hotunan 'yan wasa da ke cikinsu sun zama littafin samfuri a shagunan teloli, tare da kalandun ɗinki da ake mannawa a bango. Daga baya aka sami mujallar Tozali da kuma Tambari ta kamfanin Daily Trust, waɗanda ado da kwalliya da bukukuwan arewa ne abincinsu. A 2014 tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye da Hausa, finafinai masu dogon zango suka shiga ɗakunan mata, kowane mako da irin shigar da za a gani a kwaikwaya. Yanzu kuma ga Instagram da TikTok da WhatsApp, inda masu ɗinki da masu kwalliya da masu ƙunshi da dillalan atamfa, mafi yawansu mata, suke tallata aikinsu, suna bayani, suna gardama da masu saye, suna koyar da ɗauri, cikin wata Hausa mai gauraye da Ingilishi da Larabci. Su kansu marubuta littattafan soyayya, da aka daɗe ana yi wa dariya saboda sukan ɓata shafi guda wajen bayyana shigar tauraruwar labari, sun adana tarihin suturar shekara talatin da suka wuce fiye da yadda kundayen taro suka adana.

Abin tsoron shi ne wannan taska ba ta jira. Kalandar tela idan ta tsufa a kan naɗe ƙosai da ita. Tsofaffin mujallu gara ta ci wasu, damina ta ci wasu. Abin da ke cikin waya kuwa ya fi kowanne saurin ɓata: waya ta faɗa ruwa, ko a rufe shafi, shekara biyar na aikin mace guda ya tafi. Ranar da masana za su farka su ce bari a rubuta tarihin suturar Hausawa ta farkon wannan ƙarni, za a yi ihu ne bayan hari.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don haka bari mu tare su a hanya.

Za a ce zancen ɗinki da ɗankwali zancen mata ne, bai kai a tara furofesoshi a kansa ba. Mai faɗin haka ya duba jikinsa: gizna ce ya saka, an yi mata aiki na dubban nairori, hularsa kuwa ya fi sa'a guda yana zaɓen ta. Ban da haka, ya tambayi duk magidancin da ya haɗa lefe ko aka kawo wa matarsa anko sau uku a wata guda, ya ji ko wasa ne. Aure nawa aka ɗaga saboda akwati bai cika ba? Bashi nawa aka ci saboda hoton da aka gani a waya? Abin da ke cinye albashi, yana hana aure, yana kuma ciyar da dubban teloli da marina da masu surfani, ba ƙaramin abu ba ne. Raina shi raina matan da ke riƙe da shi ne, ba wani abu ba.

Za a ce wannan aikin sashen zane-zane ne ko na tarihi ko na aikin jarida. To, su sun yi nasu gwargwado. David Heathcote ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 a kan surfanin tufafin Hausawa. Philip Shea ya yi nasa a 1975 a kan sana'ar rini ta ƙasar Kano a ƙarni na 19. Elisha Renne ta fitar da littafi a 2018 a kan mayafi da rawani da gyaran addini a arewacin Nijeriya. Muna jinjina musu. Amma mai karatu ya lura da abu biyu: da Ingilishi suka rubuta, kuma abin da ya fi damun su shi ne zare da tarihi. Harshen da ake ciniki da shi, da habaicin da ke cikin sunan atamfa, da kirarin da mai talla ke yi wa leshi, wannan gonar masanin Hausa ce, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Za a ce nazarin irin waɗannan abubuwa tamkar sa musu albarka ne, alhali a cikinsu akwai shigar da ta saɓa wa tarbiyya. Ba mu musa cewa akwai abin ƙi ba. Amma likita ba ya warkar da cutar da ya ƙi dubawa, kuma sutura ta daɗe da zama fagen da addini da mulki ke karawa. Gab da jihadin 1804, cikin dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa wa jama'ar Shehu har da hana maza naɗa rawani da hana mata yafa mayafi, domin ya gane cewa tufafi tuta ce. A zamaninmu jar hula ta zama alamar ƙungiyar siyasa a Kano. A shekarar 2000, bikin nuna tufafi na FIMA, wanda mai tsara tufafin nan na Nijar, Alphadi, ya ƙirƙiro a 1998, ya jawo zanga-zanga a Yamai da Maraɗi. A 2021 hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi wajen tallar tufafi. A 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya ba ɗalibai mata damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko ya ƙi, ai ya kamata a ce akwai binciken masana da masu yanke hukunci za su jingina da shi. Idan masani bai kawo komai ba sai irin wa'azin da mai wa'azi ya fi shi iyawa, me ya ƙara?

Za a ce Hausar da ake yi a waɗannan kafafe gurɓatacciya ce. Wannan magana mun taɓa jin ta. A shekarun 1990, da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu suka cika kasuwa, an yi ta muhawara a jaridu irin su Nasiha da New Nigerian a kan ko sun cancanci a kira su adabi. Aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano. Yau ga shi ana samun digiri na uku a kansu. Haka aka yi wa fim, har sai da Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa suka shirya taro na musamman a kan finafinan Hausa a Kano a watan Agusta na 2003, aka zauna da masu sana'ar, aka buga kundin a 2004. Wannan taro ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne idan an so. Shin dole ne kowane sabon fanni ya yi shekara goma a bakin ƙofa yana sallama kafin a ce masa ya shigo?

To, me ya kawo wannan gyangyaɗi? A ganinmu, tsarin taron ne kansa. Taro ya zama matakalar ƙarin girma: malami na buƙatar takardar shaidar halarta da shafuka a cikin kundi, mai shirya taro na buƙatar kuɗin rajista. Saboda haka sai a zaɓi take mai faɗi kamar rumfar kasuwa, wanda kowa zai iya fakewa a ƙarƙashinsa, yau tsaro, gobe ci gaban ƙasa, jibi ƙalubalen ƙarni. A ba mutum minti goma, rabinsu ya tafi a gaishe da manyan baƙi. Takardar da aka rubuta a daren tafiya daga littattafai uku ta fi sauƙi a kan wadda za ta sa mutum ya yi wata uku yana zama a shagon tela da littafin rubutu a hannu. Ƙaramin malami kuwa, musamman mace, da ya san wannan duniya ciki da waje, yana tsoron ya kawo ta gaban manya a ce ba shi da nauyi. Ɗalibi ma haka: yarinyar da ke ɗinki ta biya wa kanta kuɗin makaranta, wadda ta san sunan kowane yadi da farashinsa, idan ta zo rubuta kundin kammala karatu sai a tura ta ta kwafo jerin haɓar kada da fatala. Ta shigo da ilimi, a koya mata cewa ba ilimi ba ne. Wannan ita ce hasarar da ta fi kowace girma, domin mutum ake asara, ba takarda ba.

Kuma kada a manta da abin da ke bayan rigar. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002; UNTL ta bi sahu a 2007. Yadin da ke kasuwanninmu yanzu mafi yawansa daga waje yake, musamman ƙasar Sin. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ɗinki da surfani da rini da suna da talla, wato basira da harshe. A daidai lokacin da Ikko ke gudanar da makon nuna tufafi kowace shekara tun 2011, gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan kuma ya shirya baje kolin tufafin Afirka a 2022, ɗan abin da ya rage mana shi ne masananmu suka ɗauka abin kunya ne a yi magana a kansa.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin sashe guda mai niyya. Na farko, a shirya taro wanda suturar yau da kafafenta ne kaɗai takensa, ba reshe na goma sha biyu a ƙarƙashin wani take ba, kuma a cire kalmar taɓarɓarewa daga sanarwar, a bar bincike ya faɗi abin da ya gani. Na biyu, a gayyato teloli da masu surfani da dillalan atamfa da masu kwalliya da editocin mujallu, a zaunar da su a kan teburi su yi magana, ba a waje suna baje kaya lokacin shan shayi ba. Na uku, a kafa sharaɗi cewa duk takardar da za a karɓa sai ta nuna inda mai ita ya je, da wanda ya tambaya, da abin da ya tattaro. Na huɗu, kowane sashen Hausa ya buɗe ma'ajiya ta kalandun ɗinki da tsofaffin mujallu da hotuna, tare da izinin masu su, a rubuta shekara da gari da sunan da ake kiran kowane salo. Ɗalibai na iya tara wannan a hutu guda. Na biyar, a fitar da taron daga manyan birane a kawo shi gari irin Kontagora, kuma a sa shi a makonnin da ke gaban salla, lokacin da keken ɗinki ba ya kwana, domin mahalarta su fita daga zaure da yamma su ga abin da suke magana a kai.

Ga ɗalibai kuma muna cewa: kada ku jira a ba ku izini. Ku fara rubuta sunayen da kuke ji a kasuwa da gidan biki, da ranar da kuka ji su, da bakin da kuka ji su. Littafin rubutu na naira kaɗan da aka cika da irin wannan ya fi takardar makoki goma amfani ga wanda zai zo bayanku.

Masu shirya tarurruka kuwa, ga tambaya guda da muke so su amsa kafin su buga sanarwa ta gaba. A ranar buɗe taro zauren kan cika da shadda da leshi da atamfa da huluna na gani na faɗa, kowa ya ɗau wanka iyakar ƙarfinsa. Me ya sa abin da kowa ya kwana yana shiryawa don ya shigo zauren da shi, shi ne kaɗai abin da ba a yarda a tattauna a cikin zauren ba?